Baƙon Baffa na Gindin Kanya

Allah da ya ba mu aron Baffa ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da hantsi, ana cikin sharar gonaki, ruwan shuka bai sauka ba tukuna. Daga gare Shi muka zo, can kuma kowa ya nufa. Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, a gidansa na Toranke na tashi, a gonarsa hannuna ya saba da fartanya.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Mutanen Gafasa sun zo a babura, na Ajingi wasu a keke wasu a ƙafa, abokan cin kasuwarsa na Gaya kuma suka cika a-daidaita-sahu guda. Duk wanda ya zauna a tabarma sai ya faɗi abin da ya sani. Wani ya ce Baffa bai taɓa wuce mai ɗauke da kaya bai kama masa ba. Wani ya tuna yadda yake fasa goro, ya miƙa maka ɓari, ya mayar da ɗayan aljihu, ya ce na wanda bai iso ba ne. Wani tsohon Bafulatani da ya ajiye kiwo ya kama noma ya ɗago kai ya ce, "To yanzu wa zai riƙa korar mana shanu daga gindin kanya?" Dattawa suka yi murmushi. Limaminmu kuwa, da ya shafa addu'a, sai ya ƙara da cewa, "Allah ya sada shi da baƙonsa." Samarin da ke raba ruwa suka dubi juna, don ba su san wane baƙo ake nufi ba.

A cikin gida Inna, matar Baffa, ba ta ɗaga murya ba. Da na durƙusa gaishe ta, ta ce, "Ya tafi ya tambaye shi da bakinsa. Ka ga sai ya huta da tambayar mutane."

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Yaya, babban ɗan Baffa, ya ja ni gefen rumbu.

"Bana zan sa shanu su huɗe gindin kanyar nan," in ji shi. "Gida ya cika da baki, gona ba ta ƙaru ba. Wurin da ya fi ko'ina taki, ciyawa ke cinsa tun kafin a haife mu. Tsoho na raye ban iya faɗa ba."

Na ce, "Yaya, ai kabari ne."

"Kabarin wa? Kai da ka shiga boko da furfurarka, faɗa mini kabarin wa."

Ina da amsa, amma ina tsoron ita ce za ta sa masa garma a hannu.

Baffa ba ya fara labarin baƙonsa daga jirgi. Daga dawa yake farawa. Yakan ce dawa ta kai ƙirji a lokacin, yana saurayi sabon aure, ana yaƙin basasa can kudu, jiragen yaƙi suna tasowa daga Kano su ratsa ta kanmu. Ranar yana maimain noma shi kaɗai bayan azahar, sai ya ji ƙara kamar ana yaga sabon yadi, daga nan komai ya ɗauke. "Shirun ne ya sa na ɗaga kai," in ji shi, "ba ƙarar ba." Ya hangi jirgin yana zamewa da hayaƙi wajen fadamar da ke hanyar Gafasa. Can sama da shi kuma wani farin abu ya buɗe kamar auduga ta fashe a kara, yana saukowa a hankali, da mutum rataye a ƙarƙashinsa yana lilo kamar guga a bakin rijiya.

"Na ɗauka mala'ika aka aiko mini," yakan ce. "Har na fara tuba. Sai na ga takalmi."

Ashe farin abin lemar sauka daga jirgi ce, ta zo ta sarƙe a rassan kanya. Baffa ya hau ya yanke igiyoyin da lauje, ya sauko da mutumin a kafaɗa. Saurayi ne fari kamar Balarabe, da ɗan gashin baki, da wani baƙin tabo a goshi. Da sauran ransa. Baffa ya ɗiga masa ruwa daga gora, mutumin ya dube shi, ya dubi ganyen dawa da iska ke kaɗawa, ya motsa leɓe da wata magana da Baffa bai gane ba, ya cika.

An tura ɗan aike Gaya, amma ruwa ya yanke hanya, gawa kuwa ba ta jira. Nan rigimar Baffa da tsohon liman ta samo asali, wato mahaifin limaminmu na yanzu. Liman ya ce ba zai sallaci wanda bai san addininsa ba. Baffa ya nuna goshin mamacin ya ce, "Malam, ga tabon sujada." Liman ya sunkuya ya duba ya ce, "Tabon reshe ne, yaro." Sai Baffa da mahaifina da Bafulatanin nan da ya yi maganar shanu a wurin makoki suka wanke shi su uku, suka yanki farar lemar tasa suka yi masa likkafani, suka yi masa salla, suka rufe shi a gindin bishiyar da ta tare shi.

Da hanya ta bushe sojoji suka zo da babbar mota. Suka kwashe gangar jikin jirgin daga fadama, suka karɓi hularsa da abin da ke aljihunsa da ragowar lemar, suka ce za su dawo su ɗauke shi. A zamanin ba mai ƙarfin halin tambayar soja sunan wani. Duk sanda aka tambayi Baffa ko sun dawo, sai ya ce, "Suna hanya."

Sai da aka zo girbi ya tsinci wani yanki na fiffiken jirgin a cikin kara, ƙarfe mara nauyi, faɗinsa kamar faifai, da jan rubutun boko a jiki. Baffa ya iya karatun allo, amma boko ko harafi bai sani ba. Ya naɗe ƙarfen a buhu ya kai kasuwar Gaya wurin wani akawu mai awon gyaɗa. Akawu ya gyara tabarau, ya bi rubutun da yatsa, ya ce, "Nos... tef."

"Mustafa," in ji Baffa.

Akawu ya ɗaga kafaɗa, ga layin masu gyaɗa na jiransa, ya ce, "Haka dai Turawa suke murɗe sunayen mutane."

Baffa bai biya gida ba, zauren liman ya wuce. Ya ajiye ƙarfen a gabansa ya ce, "Malam, tabon reshen naka yana da suna." Liman ya ce ƙarfe ba ya ba da shaida. Haka suka riƙe wannan magana har suka tsufa tare. In sun haɗu a ƙofar masallaci liman yakan ce, "Ya baƙon naka, ya samu jam'i kuwa?" Baffa ya ce, "Ya riga ka shiga sahu, Malam." Amma ranar da liman ya rasu, Baffa ne ya shiga kabari ya karɓe shi, ya fito yana share ido da hannun riga yana cewa yanzu ba shi da abokin gardama.

A shekarar da aka tsinci ƙarfen Inna ta haifi Yaya, Baffa ya sa masa Mustafa. Ɗan fari ne, ga shi kuma mai sunan baƙo, alkunya ta zama biyu, don haka sunan bai taɓa fita daga bakin Baffa zuwa gare shi ba. Mai-sunan-baƙo yake ce masa. Yaran gari suka mayar da abin Ɗan Jirgi, suna buɗe hannuwa suna zagaye shi da gudu. Yaya ya sha dambe a kan wannan.

Tun da na yi wayo na san kunyoyin gonarmu ba sa tafiya sak. In sun doshi kanya sai su lanƙwasa su ba ta wuri, kamar yadda mutum ke kauce wa mai salla. Ba tudu a wurin, ruwan damuna ya daɗe da shafe shi, ciyawa ce kawai da inuwa. A nan Baffa yake hutun rana. Ya jingina da bishiyar, ya zame hula zuwa kan ido, ka ji yana magana ƙasa-ƙasa: "Mustafa, bana ruwa ya makara." Ko kuma, "An yi mana jika mace, ka ji." Wani lokacin in ya farka daga gyangyaɗi yakan ce ya gan shi zaune a reshe yana ninke lemarsa a nutse, gefe bisa gefe, kamar mai shirin komawa gida. In an sussuke dawa, kwanon farko ba ya shiga rumbu, sadakar baƙo ce.

Na taɓa tambayarsa me ya sa bai gaji ba. Ya ce, "Akwai wata tsohuwa da ta haife shi a wani gari, duk sallamar da aka yi a ƙofarta sai gabanta ya faɗi. Ita nake ji."

Saboda tsohuwar nan da bai taɓa gani ba ya dami mutane da tambaya. Duk tsohon sojan da ya gani a kasuwar Gaya sai ya saya masa shayi. Wani ya ce masa in jirgin mai buɗaɗɗen baki ne kamar tarwaɗa, to na Rasha ne, Larabawa aka ɗauko suna tuƙawa. Wani ya ce a'a, har da Turawan haya, har da 'yan ƙasa. Da waya ta zo, wani jikansa ya jera masa hotunan jiragen zamanin. Baffa ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ne, ya ce a'a wancan ne, daga baya ya mayar da wayar ya ce, "Waɗannan duk lafiyarsu ƙalau. Ni nawa da hayaƙi na gan shi." Ya tuna akwai lamba a gefen gangar jikin jirgin, har yakan zana ta a ƙasa da tsinke. Sai dai jirgin a rigingine ya faɗi, shi kuma bai san ina ne sama ina ne ƙasan lambar boko ba, don haka in ka tsaya ta nan ka karanta abu ɗaya, in ka zagaya ka karanta wani.

Shekarar da ya sauke farali, Allah ya ba shi kujerar taga, daidai fiffike. Da ya dawo, kafin ya ba da labarin Ka'aba, cewa ya yi, "Ashe baƙona babban mutum ne. Har a fiffiken jirgin alhazai an rubuta sunansa." Ya shafa haruffan nan da yatsa shekara da shekaru, ba za su ɓace masa ba. A Makka kuma duk farin Balaraben da ya zauna kusa da shi sai ya ce masa, "Mustafa, Kano," ya yi alamar jirgi da tafin hannu. Wani ya rungume shi ya nuna ƙirjinsa, shi ma Mustafa ne. "Rabin Makka Mustafa ne," in ji Baffa. "Ba wanda ya ce ya ɓatar da nasa."

Ƙarfen yana saƙale a azarar ɗakinsa cikin tsohon buzu. Jikokinsa 'yan makaranta sun cika gida, amma bai taɓa ba su su karanta ba. Yakan ce karatun yara da dariya yake zuwa.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Ajingi, muna zama bayan la'asar, ya samu abin tsokana. In ya ga na rataya jaka sai ya ce, "Ɗan makaranta mai jika, a gaida malam." Wata rana da safe ya kira ni ɗaki, ya sauko da buzun, ya warware. Ya ce, "Kai ba ka da gaggawa. Duba mini."

Jan fentin ya koɗe amma ana gani. A makon nan malaminmu ya nuna mana bambancin M da N a allo, ya ce mu manoma ne, mu riƙe cewa M kunya biyu ce, N kuwa kunya ɗaya da rabi. Mustafa da kunya biyu yake farawa. Na jikin ƙarfen ɗaya da rabi ce. Bayan harafi na biyu kuma akwai fili, malam kuwa ya ce fili shi ke raba kalma da kalma. Na ce, "Baffa, karatuna bai kai nan ba tukuna." Kuma gaskiya na faɗa.

Na kwafi haruffan a tafin hannuna da biro, N da O, sai fili, sai S, T, E, P. Bayan an tashi aji na nuna wa malam. Ya ce, "Turanci ne. A fiffiken jirgi ake rubuta shi saboda masu gyara, kusan kowane jirgi yana da shi. Cewa aka yi, kada a taka nan."

Na tako daga Ajingi zuwa Toranke da hannuna a dunƙule.

Damuna guda na yi ina juya maganar. Baffa bai sake tambaya ba, sai dai wani lokacin in muna noma in ɗago in ga yana kallona. Bayan an yanke dawa, muna zaune a gindin kanya da rana, 'ya'yanta suna faɗowa ɗai-ɗai, na ce, "Baffa, karatun ya kai." Na faɗa masa yadda malam ya faɗa mini, ban rage ba.

Ya daɗe yana kallon rassan. Can ya ce, "Raina ya so ya gaya mini tun a jirgin Makka. Na ce masa ya yi shiru, muna hanyar ibada." Sai ya fara dariya a hankali har kafaɗunsa na rawa. "Liman ya ci ni. Yana kwance a kabari ya ci ni."

Da dariyar ta lafa ya ce, "Sake faɗa mini abin da aka rubuta."

"Kada a taka nan."

Ya shafa ƙasar da ke gefensa da tafin hannu, kamar mai lallashin jariri. "To ashe ba sunansa ya bar mini ba, saƙo ya bar mini. Ka ga kuwa na yi aiki da shi ban iya karatu ba."

Na ce, "Sunan fa, Baffa?"

"Wanda ya yi shi ya san sunansa. Ni da Mustafa na saba." Ya gyara hula. "Kada ka kai wa yayanka wannan magana. Ka bari sai ya tambaye ka da bakinsa."

Bai ga wata damunar ba. Yaya kuwa ya tambaya, a gefen rumbu, ranar sadakar uku.

Ruwan shuka ya sauka bayan sadakar bakwai. Da safe ƙasa na ƙamshi, na ji Yaya ya fita da shanu. Na shiga ɗakin Baffa, Inna na kallona, na sauko da buzun, na ɗauki fartanya na bi shi. Na tarar ya ja kunyar farko daga iyakar gabas, ta miƙe sak, bakin garma ya doshi kanya. Da ya gan ni ya tsayar da shanun.

"Ka kawo mini sunana ne?" in ji shi.

"Ka tambaye ni kabarin wa, Yaya. Ban sani ba. Ba wanda ya sani." Na warware buzun. "Ba Mustafa aka rubuta a nan ba."

Ya saki garmar. Ya dubi ƙarfen, ya dube ni. "Wato sunan nawa ma na kuskure ne."

"Sunanka naka ne. Da rago aka raɗa maka shi."

"To me aka rubuta?"

Na faɗa masa.

Shanun suna kaɗa wutsiya, wata kurciya na kuka a cikin kanya. Yaya ya karɓi ƙarfen, ya goge shi da gefen riga, ya bi jan rubutun da babban yatsa daidai inda yatsan Baffa ya sa ya yi santsi.

"Tsoho ya sani?"

"Ya sani. Ya ce in bari sai ka tambaya."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito sosai ba. "Tun ina yaro nake jin haushin mutumin nan. Ina ji tsoho na kiran sunana a gindin bishiya, in juyo, ashe ba da ni yake ba." Ya ja numfashi. "Ashe duk shekarun nan ni kaɗai ne Mustafa a gonar nan."

Ya miƙo hannu na ba shi fartanya. Ya shiga inuwar a hankali, ta gefe, ya haƙa ɗan rami a bakin ciyawar, ya kafa ƙarfen, ya danne gindinsa da ƙasa. Ya ja baya ya duba.

"Ɗan makaranta, daidai yake ko a kife na sa shi?"

"A kife yake, Yaya."

Ya cire ya juya shi, rubutun na fuskantar gona, yadda duk mai zuwa da garma zai gani. Sannan ya koma ya kama garmarsa, ya yi wa shanun magana, suka karkata. Kunyar farko ta bana ta lanƙwasa a inda ta saba lanƙwasawa.

Allah ka yi wa Baffa sauƙin kwanciya kamar yadda ya yi wa wanda bai sani ba. Ka haɗa shi da limaminsa su ƙarasa gardamarsu cikin inuwa. Ka jiƙan saurayin da ya sauko mana da farar lema, Kai da ka san sunan da aka raɗa masa, da tsohuwar da ta yi ta jiran sallamarsa. Amin.